Lambu a Bakin Taga: Yadda Za Ki Shuka Ganyayen Ƙamshi a Kicin, Ki Kuma Jera Su

Duk wadda ke shiga kicin ta san wannan asarar. Ki aiki yaro ya sayo miki ƙullin na'a-na'a ko lawashi, ki tsinki abin da bai fi reshe huɗu ba ki jefa a tukunya, ragowar ki ƙulle a leda ki ajiye. Bayan kwana biyu in kin buɗe sai ki tarar ya yi baƙi ya narke, har ya fara wari. Firij ma ba ya ceto idan wuta ta yi tafiyarta. Takaicin wannan ne ya sa ni fara shuka, ba sha'awar fulawa ba.

Shukata ta farko ba ta yi kwana goma ba. Gwangwanin madara na samu, na cika shi da ƙasar bayan gida, ban huda gindinsa ba, na soka na'a-na'a, na ɗora a kan firij don a nan ya fi kyan gani. Kullum safe da yamma ina ba ta ruwa kamar mai jinya. Ta yi ɗorawa, ta zubar da ganye, da na tumɓuke ta sai ga saiwar ta ruɓe tana tsami. Kuskure uku na haɗa a gwangwani ɗaya: babu haske, babu mafitar ruwa, ga ruwan ya yi yawa. Yawancin shukar da ke mutuwa a ɗaki ɗayan ukun nan ne ke kashe ta.

Taga tukuna, kafin ki sayi komai

Ba ke za ki zaɓi ganyen da za ki shuka ba, tagarki ce za ta zaɓar miki. Ki ware rana ɗaya da kike gida, ki riƙa leƙa bakin tagar kicin ɗin: ƙarfe 8 na safe, 10, 12, 2, sai 4 na yamma. Abin da kike ƙirgawa shi ne awa nawa rana ke sauka a daidai wurin da za ki ajiye tukunya. Ba hasken da ke sa ki ga abin da kike yankawa ba, rana kanta. In kina shakka ki miƙa tafin hannu a wurin. Inuwa ta fito tsaf har kina ƙirga yatsu, haske ya wadata. Ta fito dishi-dishi, tsaka-tsaki ne. Babu inuwa sam, to wurin nan ba na shuka ba ne, komai kyansa.

Ganyayen ƙamshi mafi yawa suna son rana ta awa 6. Na'a-na'a, fasili (wato parsley), lawashi da lansir suna haƙura da awa 3 zuwa 4. A gaskiya kicin ɗinmu kaɗan ne ke samun awa 6, saboda katanga, ko rumfar da ke saman taga, ko ragar sauro da ƙura ta toshe. Wanke ragar nan kaɗai yana ƙara haske sosai, ki gwada ki gani.

Tagar gabas ce sarauniya, kuma babu mai ɓatan gabas a gidan da ake salla. Ranar safe tana da taushi, tana ciyar da ganye ba ta ƙona shi. Tagar yamma tana ba da awanni kusan daidai da ta gabas, sai dai rana ce mai zafi, a watannin Maris zuwa Mayu da zafi kan haura digiri 40 tana iya dafa ganyen da ya jingina da gilashi. Wurin nan sai ki sa labule marar kauri daga azahar, ko ki ja tukwanen baya kaɗan. Tagar kudu kuma tana da wani hali da ya kamata ki sani. A ƙasashen sanyi ita ake yabo duk shekara, amma mu muna kusa da tsakiyar duniya. A daidai Kano, daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana ta saman kai take bi, har ta ɗan karkata arewa, don haka tagar kudu ba ta samun komai sai haske. Daga Oktoba zuwa Fabrairu ne rana ke kwantowa kudu ta shigo ɗaki sosai. Ke nan wurin da ya yi wa shukarki daɗi da sanyi zai iya zame mata duhu da damina. Ki sa ido.

Idan kicin ɗinki na itace ne ko gawayi, kada ki wahalar da shuka a ciki. Hayaƙi yana lulluɓe ganye da baƙi ya toshe masa numfashi. Ki yi jerenki a ƙofar madafin daga waje, ko a baranda, inda hannu zai kai kina tsaka da girki.

Wadda tagarta ba ta samun rana kuma ba ta rasa ba. Ana sayar da fitilar shuka, ana kunna ta awa 12 zuwa 14 a rana, a rataye ta kamar taƙi ɗaya a saman ganye. Amma da irin wutarmu, in ba kina da sola ba, ban ga amfanin dogaro da ita ba. Abin da nake yi ya fi sauƙi: kowane ganye tukunya biyu. Ɗaya na kicin tana aiki, ɗaya na waje a inda take samun ranar safe tana hutawa. Duk Juma'a su yi canji. Kamar kwanan girki dai, kowa da ranarta.

Abin da ya kamata ki fara da shi

Uku sun isa: na'a-na'a, ɗoɗɗoya da lawashi. Dukkansu kina amfani da su kusan kullum, dukkansu ba sa buƙatar sayen iri, daga ƙullin da kika sayo a kasuwa za ki tayar da su. In sun yi wata biyu a raye, kin gane halin tagarki da hannunki, sai ki ƙara lansir, hulba, ganyen kori, fasili, da lemun giras, ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake jefawa a shayi.

Rozmeri da tayim ki bar su sai kin goge. 'Yan yankin tekun Bahar Rum ne, ƙasar duwatsu da rani mai bushewa, suna son rana mai yawa da ruwa kaɗan, kuma damina tana yawan kashe su a hannun mai tausayi. Kuzbara kuma, wato coriander, 'yar sanyi ce, da zafi ya taso sai ta yi tsiri ta yi fure ta daina ba da ganye, don haka daga Nuwamba zuwa Janairu ne lokacinta. Citta tana fitowa a bokiti, amma sai ta yi wata 8 zuwa 10 kafin a haƙa, kuma tana cin wuri. Ki bar wa manoman citta na Kachiya da Kwoi a kudancin Kaduna sana'arsu, bakin taga ba gona ba ce.

Mazubi da ƙasa

Komai na iya zama mazubi in dai yana da huda a gindi: gwangwanin madara babba, robar fenti da aka wanke tas, gorar ruwa da aka yanke, tsohuwar samira da ta fara yoyo. Ki ɗauki ƙusa da guduma ki yi huda 4 ko 5. Roba kuma ki gasa ƙusar a wuta ki soka. Zurfi taƙi ɗaya, wato wajen santimita 20, ya ishi na'a-na'a, ɗoɗɗoya da fasili. Lawashi ya haƙura da ƙasa da haka. Lansir da hulba faranti mai zurfin yatsa ma ya yi musu. Lemun giras kuwa sai bokiti.

Ni dai tukunyar ƙasa na fi so, kuma ba don kyau kawai ba. Dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi shi ne ke sanyaya saiwar shuka: jikin tukunyar yana tsattsafo da ruwa, iska na busar da shi tana tafiya da zafin. Sannan tana yafe wa mai yawan ban ruwa, tunda rarar tana fita ta jikinta. Ki ce wa mai tukwane ya huda miki tun tana ɗanya, in kuma gasasshiya kika saya ki jiƙa ta kwana ɗaya sannan ki huda a hankali don kada ta tsage. Gwangwani yana da arha amma ranar yamma tana mai da shi kasko, kuma yana tsatsa ya ɓata dakalin taga. Ƙwarya tana da kyau a ido, sai dai ba ta jure jiƙa, sai in za ki sa ta a matsayin riga, roba na ciki.

Kada ki cika gindin tukunya da tsakuwa kamar yadda ake yawan faɗa. Ba ta taimaka wa ruwa fita, wurin saiwa kawai take cinyewa. Tsingaro ɗaya da za ki kifa a kan hudar don kada ƙasa ta zube ya wadatar.

Ƙasa ita ce inda mutane ke yin ganganci. Ƙasar tsakar gida zalla in ta shiga tukunya ta sha ruwa ta bushe, sai ta ƙame kamar tubali, saiwa ta rasa iska. Ki haɗa kamar haka, da kowane irin kwano kika ga dama in dai shi ne ma'aunin duka: kwano 2 na baƙar ƙasar lambu, kwano 1 na yashi mai gautsi irin na gini, kwano 1 na taki da ya ruɓe. Idan kina samun ɓuntun shinkafa da aka babbaka, ko garin gawayin da ke taruwa a ƙasan buhu, ki ƙara rabin kwano, suna sa ƙasa ta yi sako-sako. Na rozmeri da tayim ki ninka yashin ki rage takin.

Maganar taki tana son bayani. Kashin shanu ko na awaki wanda ya daɗe, ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, ba ya wari sai ƙamshin ƙasa, shi ake nufi. Ɗanye yana ƙona saiwa, yana tara ƙuda, kuma ganyen nan wani ɗanye za ki ci. Kashin kaji ya fi kowanne zafi, in bai yi watanni yana ruɓewa ba ki ƙyale shi. Bayan kin cakuɗa, ki ɗan yayyafa ruwa, ki ɗura a baƙar leda ki ɗaure, ki ajiye a tsakiyar rana kamar mako guda. Zafin yana rage ƙwayayen ƙwari da irin ciyawa. Mai sauri ta kwarara tafasasshen ruwa a kai ta bari ya huce ya tsane.

Gwajin ƙarshe: ki damƙi ƙasar mai ɗan laima a hannu. Ta dunƙule, kina taɓa ta da yatsa ta warware, ta yi. Ta tsaya kamar curin fura, yashi bai isa ba.

Tayar da shuka daga kayan miya

Ranar da za ki yi wannan ki je kasuwa da kanki da sassafe, lokacin da ganye ke sauka, kamar yadda ake yi a kasuwar Yankaba ta Kano. Ki zaɓi ƙullin da ke tsaye da ƙarfinsa, wanda bai fara fure ba.

Na'a-na'a, ɗoɗɗoya da ganyen kori hanyarsu ɗaya. Ki ɗauki reshe mai tsawon da ya ɗan ɗara yatsa, santimita 10 zuwa 12. Ki duba jikinsa za ki ga gaɓoɓi, inda ganye biyu ke fitowa suna fuskantar juna. Ki yanke da wuƙa mai kaifi daf da ƙasan gaɓa, don daga gaɓar saiwa ke fitowa. Ki tsige ganyen ƙasa duka, ki bar huɗu a kai. Ki tsoma a kwalba mai ruwa mai tsabta, gaɓa biyu su nutse, amma kada ganye ko ɗaya ya taɓa ruwa, in ya taɓa zai ruɓe ya ɓata sauran. Ki ajiye a wuri mai haske ba cikin rana ba. Duk bayan kwana biyu ki canza ruwan. Wannan ba don shukar kaɗai ba ne: sauro yana tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10 a zafin nan namu, kada ki yi kiwonsa a kicin.

Na'a-na'a kan fitar da farar saiwa cikin mako guda ko kwana goma. Ɗoɗɗoya takan kai mako biyu. Ki sa reshe shida in uku kike so, don ba duka ke kamawa ba. Da saiwar ta kai tsawon gaɓar yatsa biyu ki dasa, kada ki jira ta cika kwalbar, saiwar da ta daɗe a ruwa tana wahalar sabawa da ƙasa. Ki yi rami da yatsa, ki sa a hankali, ki danna gefe kaɗan, ki ba ta ruwa har ya fito ta ƙasa. Kwana uku na farko ki bar ta a inuwa. Za ta yi laushi kamar ta mutu, kada ki tsorata, baƙunta ce.

Na'a-na'a ita kaɗai za ki ba tukunya. Tana tura jijiya ta ƙarƙashin ƙasa, duk wanda kika haɗa ta da shi sai ta kore shi daga ɗakin.

Lawashi ya fi kowa sauƙi. In kin yanka ganyen ki bar gindin mai saiwa kamar santimita 3, ki soka a ƙasa kai na leƙowa, tsakaninsu faɗin yatsa biyu. Kwana biyu za ki ga kore ya fara turowa. Albasar nan da ta tsiro a kwando kina shirin jefarwa, ita ma ki binne rabinta, za ta ba ki ganye har sai ta ƙare ƙarfinta. Haka ɗiyan tafarnuwa, ki soka su tsinin na sama, ganyensu a wainar ƙwai ba a magana.

Lemun giras ki nemi kara mai gindinsa, ki datse ganyen, ki tsayar a ruwa. Mako 2 zuwa 3 zai yi saiwa. In maƙwabciya na da shi ma ki roƙi tsagi ɗaya mai saiwa, kin huta.

Lansir da hulba iri ake yafawa. Ki baza ƙasa a faranti mai huda, ki jiƙa, ki barbaɗa irin da ɗan kauri, ki rufe da ƙasa sama-sama. Lansir yana tsirowa cikin kwana 2 zuwa 3, kafin mako biyu kin fara aske shi da almakashi. Hulba ki jiƙa ta kwana ɗaya tukuna, takan fito cikin kwana 3 zuwa 5, a yanka bayan mako uku ko huɗu. Hulbar da ake sayarwa wurin masu kayan ƙamshi tana fitowa lafiya. In kina son kwaɗon lansir kada ya yanke miki da sanyi, ki riƙa yafa sabon faranti duk bayan kwana goma. Fasili kuwa mai nawa ne, yana iya shan mako 2 zuwa 4 a ƙasa kafin ya leƙo, ko da kin jiƙa irin. Mutane da yawa sun zubar da tukunyarsa ana gobe zai fito. Kuzbara ki ɗan murza ƙwayar ta rabe biyu, don iri biyu ne a ciki, kuma ki shuka ta a inda za ta zauna, ba ta son dashe.

Ruwa

Ki manta da maganar kullum safe da yamma. Yatsa ne ma'auni. Ki soka shi a ƙasar har gaɓa ta farko. Kin ji laima, ki wuce. Kin ji bushewa, ki ba ta ruwa sosai, a gindi ba a kan ganye ba, har ya ɗiga ta hudar ƙasa. Bayan rabin awa ki zubar da wanda ya taru a farantin da ke ƙarƙashi. Da bazara ƙaramar tukunya za ta iya neman ruwa kullum, wani lokaci sau biyu. Da damina tana iya kwana huɗu ba ta nema ba. Na'a-na'a da fasili ba sa son ƙasarsu ta bushe ƙayau, rozmeri da tayim kuwa sai ta bushe ɗin suke so.

Abin da ke rikita sabuwar mai shuka shi ne, shukar da ruwa ya yi wa yawa da wadda ƙishi ya kama duk laushi suke yi. Sai ta ga ganye ya langaɓe ta ƙara ruwa, ta ƙarasa shi. Ki ɗaga tukunyar ki ji. Mai nauyi, ƙasa jagab, ganyen ƙasa na yin ɗorawa: ruwa ne ya yi yawa, ki ɗaga mata ƙafa. Marar nauyi, ƙasa ta janye daga jikin tukunya: ƙishi ne, ki tsoma tukunyar cikin roba mai ruwa na minti 20 ta sha ta ƙasa.

Ruwan sama ya fi kowanne. Ruwan wankin shinkafa na farko yana da kyau in babu gishiri. Ruwan wanke-wanke mai sabulu da maiƙo kada ya kusanci tukunya. In ruwan burtsatsenku mai zartsi ne, za ki ga farin abu kamar kanwa yana taruwa a saman ƙasa da bakin tukunya. Ki kankare shi, sannan sau ɗaya a wata ki kai tukunyar waje ki kwarara mata ruwa mai yawa ya wanke gishirin ya fice.

Bayan wata biyu abincin da ke cikin ƙasar ya fara ƙarewa. Ki jiƙa damƙi ɗaya na ruɓaɓɓen taki a bokitin ruwa, a waje, kwana biyu, ki tace, ki sirka har ya yi launin shayi marar ƙarfi, ki ba su duk bayan mako uku. In takin zamani ne, abin da yatsu uku suka ɗauka ya isa, a gefen tukunya nesa da kara, sau ɗaya a wata. Kada ki yi zari. Ganyen da ya sha taki da yawa yana yin faɗi da kyau, amma ƙamshinsa ya yi rauni.

Tsinka

A nan ne tausayi ke cutarwa. Shukar da ba a taɓawa tana miƙewa siririya, ta yi fure, ta tsufa. Wadda ake tsinka ita ke cika tukunya. Amma akwai yadda ake yi. Kada ki riƙa zare manyan ganyen ƙasa ɗaya-ɗaya ki bar kara tsirara. Da na'a-na'a ko ɗoɗɗoya ta kai taƙi ɗaya, ki datse kanta daf da saman wata gaɓa. A hammatar ganyen nan biyu akwai 'yan idanu, kowanne zai zama reshe. Ɗaya ya zama biyu, biyun in kin sake datsewa su zama huɗu. Da kin ga tsirin fure ki cire shi, sai fa in iri kike so.

Kada ki ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda. Fasili da kuzbara daga waje ake yankowa, a gindin sanda, a bar zuciyar. Lawashi ki yanke ki bar santimita 3, zai sake fitowa sau uku ko huɗu kafin ya sirance, daga nan ki sa sabo. In ganye ya fi ƙarfin tukunyar miya, ki shanya a inuwa kan faifai, ba a rana ba, rana tana tafiya da ƙamshin da launin.

Jere

Mu da muka gaji jeren kwalla da samira a ɗakin amarya, ba sai an koya mana tsara kaya ba. Bambancin kawai shi ne wannan jeren yana da rai, don haka haske ke yanke hukunci kafin ido.

Dakalin taga in yana da faɗi shi ne wuri na farko. Ki sa dogon tire a ƙasa don ya tare ruwa da laka. In ba shi da faɗi, kafinta zai gicciya miki katako ɗaya ko biyu a tsakiyar tagar, tsakaninsu kamar taƙi biyu. Ki gaya masa nauyin da zai ɗauka, don tukunyar ƙasa da ta sha ruwa ba wasa ba ce, kuma a shafa wa katakon fenti saboda laima. Ƙarfen taga shi ma wuri ne: ki lanƙwasa waya mai kauri ki saƙale gwangwanaye a jikinsa.

Abin da ya fi burge baƙi a kicin ɗina ragaya ce, irin wadda kakanninmu ke rataye ƙwaryar nono. Biyu na rataye a gefen taga, na'a-na'a a ciki, rassanta na zubowa ƙasa. Ta yi kyau, ta ba da wuri, ɓera da kyanwa ba sa kaiwa, yara ma haka. Ki dai tabbatar ƙusar ta shiga bango da kyau, kuma akwai ɗan kwano a ƙarƙashin tukunyar a cikin ragayar, kada ya riƙa ɗiga miki a kai.

Wajen tsarawa, ki tuna daga waje haske ke zuwa. Gajeru su ne a jikin taga, dogaye a gefe da gefe, ko a ƙasa. In kin sa lemun giras a tsakiya ya tare kowa. Shi wurinsa ƙasa ne, a kusurwa kusa da ƙofa, kuma ki riƙa rage masa gashi don gefen ganyensa yana yanka. Masu son ruwa ki haɗa su wuri ɗaya, masu son bushewa a ɗaya gefen, don ko wani kika sa ban ruwa ba zai rikice ba. Ki bar ɗan tsakani, ganye kada ya cunkushe, iska na son wucewa. In gwangwanaye ne kala-kala, fenti launi ɗaya yana mai da su kamar saiti, fari ya fi, don ba ya ɗaukar zafi. Suna kuma ki rubuta a jikin tsohon muciya ko cokalin katako ki soka, musamman tukunyar irin da bai fito ba, kada mai taya ki aiki ta ɗauka ƙasa ce kawai ta zubar.

Ki nisanta su da murhu aƙalla mita ɗaya. Tururin mai yana manne wa ganye, ƙura ta zo ta zauna a kai. Duk kwana biyu ko uku ki ɗan juya kowace tukunya, in ba haka ba duk za su karkata waje kamar masu leƙen biki.

Ƙwari da sauyin yanayi

Sau ɗaya a mako ki ɗaga ganye ki duba bayansa, can ɓarayin ke ɓuya. Za ki iya ganin 'yan ƙwari kore ko baƙaƙe sun taru a kan sabon toho, ganyen na danƙo kamar an shafa zuma, irin darɓar da ke kama dawa. Ko wasu farare da ke tashi in kin girgiza reshe, ko masu kama da ɓurɓushin auduga a gaɓa. Tururuwa na hawa da sauka a jikin shuka alama ce, zaƙin da ƙwarin ke fitarwa take bi. Da farko ki kai tukunyar waje ki wanke ganyen da ruwa mai ɗan ƙarfi. In sun dawo, ki sa ƙaramin cokali 1 na sabulun ruwa a lita 1, ki fesa da yamma har bayan ganye, da safe ki ɗauraye. Ki maimaita bayan kwana biyar. Ruwan ganyen dogon yaro da aka daka aka jiƙa kwana ɗaya shi ma yana korarsu, sai dai ki wanke ganyen da kyau kafin amfani, don ɗacinsa ba ya da kunya. Fiya-fiya da duk wani maganin sauro na fesawa ba su da hurumi a nan, abinci ne. Ranar da za a yi feshi a kicin ki fitar da tukwanen tukuna. Ƙananan baƙaƙen ƙudajen da ke tashi daga ƙasar tukunya kuma laima ce ta yi yawa, ki bar saman ya bushe ki barbaɗa yashi.

Da hunturu ƙura ce matsala da bushewar iska. Ki yi musu wanka sau ɗaya a mako, da safe don su bushe kafin dare. Da damina ki rage ruwa, ki buɗe taga, na waje kuma ki janye su daga bakin indararo. Bazara ita ce jarrabawa. Dabarar da ta cece ni ita ce ta tukunya cikin tukunya, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana kayan miya, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ki sa tukunyar shukar cikin wata ta ƙasa da ta fi ta girma, ki cika tsakaninsu da yashi, ki riƙa jiƙa yashin. Saiwa na cikin sanyi, ganye na jure zafin sama.

In tafiya ta kama ki ta kwana huɗu ko biyar, ki yago tsumman atamfa mai auduga, siriri dogo, ki jiƙa shi, ki tura bakinsa ɗaya cikin ƙasar tukunya da tsinke, ɗaya bakin ki nutsa a bokitin ruwa da kika ɗora a wuri mai ɗan tudu, ki rufe bokitin saboda sauro. Ki gwada shi kwana biyu kafin ranar tafiyar, don wani tsumman ba ya jan ruwa.

Bayan wata shida zuwa shekara za ki ga na'a-na'arki ta canza: ganye ƙanana, kara ya yi itace, ruwa na wucewa ta tukunyar kamar rariya. Saiwa ce ta cinye ƙasar. Ki kifa tukunyar a tafin hannu, ki zaro curin, ki raba shi huɗu da wuƙa kamar kina yanka alkaki. Kashi ɗaya ki mayar cikin sabuwar ƙasa, ki aske kansa har ƙasa, cikin mako biyu zai turo sabo. Ɗaya ki sa a tukunyar waje ta canji. Sauran biyun ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ki aika wa maƙwabciyar da ta ba ki lemun giras.